Hudar da na yi a bangon ɗakin baƙi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka sakaya sunana, a cikin guruf ɗin nan akwai waɗanda muke sallar Juma'a sahu ɗaya da su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu kacal suka rage mini.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a ofishin wata ƙungiyar manoma a Damazin. Mudir ɗin ofishin, wato shugabanmu, surukina ne, uban matata, ofishin ma a tsohon gidan mahaifinsa yake. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙar. Shekara shida da aurena ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, in yana magana idona na kan takalmina. Haka aka rene mu a ƙauyenmu can wajen Abu Hujar, kuma ban taɓa ganin aibun hakan ba sai bana.

Da mu takwas ne a ofis. Ɗakin saba, inda babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen manoma da gonakinsu take, tsohon sito ne, ba taga, in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. A lokacin ya ishe mu. Da yaƙi ya koro mutane sai ma'aikatan reshenmu suka dawo nan, muka haura ashirin, aka yi musu rumfunan kwano a bayan gida, kowa yana son a ja masa waya har teburinsa. Ga wutar gwamnati sai ta ga dama take zuwa, aka kawo sola da inbata da batura manya guda takwas, ga suwic biyu sabbi na rarraba layi. Duk a sito ɗaya ake so in zuba su.

Jikin siton akwai ɗakin baƙi, babba, inda manoman ƙauye ke sauka in sun shigo gari. Na rubuta takarda cikin ladabi, na roƙi a fasa bango a ba ni kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Bayan azahar surukina ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗakin ga, tun ubana na da rai baƙo bai taɓa kwana waje ba. Ƙarfe za ya tada ɗan Adam? Halas, zance ya ƙare, ka yi dabara, kai anka kai makaranta." Na ce to Baba. Wallahi abin da na iya faɗa ke nan.

Sai na yi dabarar. Na sa aka haɗa mini kanta ta ƙarfe, batura a ƙasa, inbata a kansu, saba a tsakiya, suwic har kusa da rufi. Sati bai cika ba zafi ya fara kashe injunan, da rana ta take sai komai ya ɗauke. Na aika a gaya wa surukina ana bukatar na'urar sanyi ta gas, aka ce sola ba za ta ɗauka ba. Washegari sai ga mota da mukayyif na ruwa, irin wanda fanka ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Daga falonsa ya ciro shi, nasa na kansa, ya ce shi ya haƙura da sanyin don aikina ya yi kyau. Duk wanda ya san aikin nan ya san danshi da waya ba sa ga maciji. Amma ku gaya mini, da wane baki zan mai da kyautar suruki? Na yi godiya, aka fasa bangon waje aka kafa shi.

Nan ne na yi abin da ke hana ni sukuni. Irin wannan mukayyif ba ya aiki sai iskar da ya turo ta sami mafita, ƙofar siton kuwa dole ta zauna a kulle. Dama na yi 'yar huda a bangon ɗakin baƙi inda wayoyi ke bi su wuce rumfuna. Ran wata Juma'a ba kowa a ofis, na zare bulo biyu a wurin, na rufe da raga, ban gaya wa kowa ba. Na zaci ba wanda zai lura.

Ashe baƙi sun ji sanyi na fitowa. Kafin kwana uku an jawo angarib, gadon nan namu na igiya, an kafa kansa daidai hudar, har ya zama wanda ya fi kowa shekaru shi ke hawa. Surukina ya yaba mini a gaban jama'a, wai na sanyaya ƙarfe na sanyaya baƙo da dabara ɗaya. Na tsaya ina murmushi kamar wawa. A gindin gadon nan suke ajiye kanun, wato murhun gawayi, suna dafa jabana, gahawar nan da dattawanmu ba sa wuni ba su sha ba, da yamma kuma a zuba turaren wuta.

Sati biyu da suka wuce na buɗe siton sai wari ya buge ni, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Batura biyu sun kumbura kamar akuyar da ta yi ɓarna a rumbu, ba sa taɓuwa don zafi, in ka kasa kunne kana jin suna tafasa a ciki. Kan wayoyin duk ya yi tsatsa kore saboda danshi. Na cire biyun, nauyi ya koma kan sauran, na uku ma ya soma. Iskar da batir ke fitarwa a wannan hali tana kama wuta, na sani, an koya mana. Kuma duk iskar siton mafitarta ɗaya ce, kan matashin kai na wanda ke kwance, taku biyu daga garwashi. Wani dattijo daga Suki ya tashi da ciwon kai da raɗaɗin ido, aka ce zazzaɓin damina ne, ni ina tsaye na yi masa sannu. Na toshe hudar da kwali, ko awa ba a yi ba wani baƙo ya zungure shi da sanda, surukina kuma ya yi ta tambayar wane marar imani ne ya hana bayin Allah iska.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na bi hanyar da aka san ana bi. Na gaya wa matata komai, ta tsorata, amma ta ce wannan ta fi bakinta, ta kai wa baffanta. Baffan ya ga maganar ta yi kaifi ya rage mata, ya kai wa limamin unguwa. Kafin ta iso kunnen surukina ta koma wai ina son a faɗaɗa mini wurin aiki. Ya yi dariya ya ce in sha Allah bayan girbin riɗi. Girbin riɗi sai nan da wata uku.

To ga abin da ya sa na rubuto. Mahaifina zai zo ran Asabar a cire masa yanar ido, zai yi kwana goma. Na ce ya sauka gidana, ya ce shi ba ya kwana rufi ɗaya da matar ɗansa, kunya ba za ta bar shi ba. Surukina kuma ya rantse baƙonsa ne. Ya sa an sake wa angarib ɗin nan igiya sabuwa, ya hana kowa hawa, ya ce mini, "Baban naka nan za ya kwanta, wurin sanyin da ɗansa ya yi." Mahaifina ba ya rabuwa da kanun ɗinsa. Bayan aikin kuma ido a ɗaure zai kwana biyu, ko ƙofa ba zai gani ba in wani abu ya faru. Ina jin tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba.

In na kashe komai, rajistar rabon iri ta tsaya ana tsakar shuka, kuma dole in ɗaga ido in gaya wa uban matata cewa kyautarsa da umarninsa da yabon da ya yi mini duk kuskure ne. In na tsallake shi na kai wa kwamitin ƙungiya, na tozarta shi a gaban sa'o'insa, ban san yadda zan ƙara shiga gidansa ba. Matata ta ce mu ƙirƙiri dalili mu kai mahaifina gidan wani ɗan uwa, shi ke nan. Har na amince, sai na tuna gadon ba zai zauna ba kowa ba.

Yau da safe batir na huɗu ya fara ɗumi. 'Yan uwa, wanda ya taɓa faɗa wa surukinsa gaskiya ido da ido ya koya mini yadda ake fara ta. Don in na ɗauke nawa uban na yi shiru, uban wa zan bari a kan gadon nan?