Geron Malam a Cikin Gilashi

Dutse, 6 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga kakata Iya,

Gaisuwa mai yawa da fatan tsohuwar matata tana lafiya. Koyon aikin da nake a ƙungiyar kare ƙananan manoma yana tafiya. Za mu yi taro da manyan gwamnati, mu roƙa a yi dokar adana irin gargajiya. Na ba shugabanmu labarin geron marigayi Malam, mijinki, wanda ke nuna ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ya ce lallai a nuna shi. Ki ara min damin irin, kwana uku kacal. Zailani direba zai karɓa ranar kasuwa.

Jikanki,
Abdurrahim

Miga, 11 ga Afrilu

Maigidana marar cefane,

Ina amsawa. Kaltumi matar kawunka ke rubuta min. Ka sani ɗan damin nan shi kaɗai ya rage. Bara da yunwa ta matsa, kawunka ya miƙa hannu zai sauke shi, na ce sai dai mu kwana haka. Duk garin nan sun koma irin kanti, babu mai ko zangarniya ɗaya. Raina bai so ba. Amma ka ce don a adana ne, ga shi nan na naɗe a zanena. Kada a ajiye a ƙasa. Allah ya yi maka albarka.

Iya

Dutse, 30 ga Afrilu

Iya,

Bayan gaisuwa, taro ya yi kyau! Manya sun yi ta ɗaukar hoto da geron, har aka tafa min. Dokar dai an ce kwamiti zai duba. Shugaba ya karɓi damin, ya ce za a gyara shi kafin wasu baƙi su zo. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Abdurrahim

Miga, 2 ga Yuni

Abdurrahim,

Ina gaisuwa. Kwana ukunka ya kusa wata biyu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kawunka ya gama sharar gona. Ni tafi bai dame ni ba, kuma ban san wane gyara ake yi wa gero ba. Kullum Zailani ya tsaya sai na leƙa, ya ɗaga min hannu wayam. Ka aiko min da irina.

Iya

Dutse, 12 ga Yuni

Iya,

Ina gaishe ki, kunya kuma ta hana ni zuwa da kaina. Gyaran da shugaba ya ce, ashe kafinta ya kai wa. An shafe kowace zangarniya da man sheƙin da ake shafa wa kujeru, aka jera a akwatin gilashi, aka kafa a bangon ofis. A ƙasa an rubuta: Gadonmu, Mu Kiyaye Shi.

Na yi masa magana, ya ce ai yanzu ko ƙwaro ba zai taɓa shi ba, zai shekara hamsin. Da gaske yake, Iya, murna yake yi. Ya ce a saya miki buhun iri a kanti.

Na kwance ƙusoshin akwatin na ɓare zangarniya biyu, na kankare man da farce, na shuka a gwangwanaye goma a bayan ɗakina. Yau kwana tara ina ba su ruwa. Ko ɗaya bai tsiro ba. Wata shida ina rubuta takardu a kan ceton iri, irin da na taɓa da hannuna kuwa ni na kashe shi. Ban san da wane ido zan kalle ki ba. Ki yafe min.

Jikanki,
Abdurrahim

Miga, 19 ga Yuni

Abdurrahim,

Na ji saƙonka. Jiya an yi ruwan shuka. Kawunka ya shuka na kanti, ni ban je gonar ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan rabon da a yi shuka babu ni.

Na yafe maka. Geron ka bar musu su yi ta kallo. Ka dai aiko min da zanena.

Iya