Wadda Kuka Bari a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Maigirma Daraktan asibitin da aka yi wa mahaifina aiki a ka, nan Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, ni ce Ramatu, ƴar Malam Sule tela na kasuwar Wadata, tsohon nan da ya kwanta wurinku sau biyu cikin wata ɗaya. Ban ambaci sunan asibitinku ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Baba ya buga kai da ƙofar taksi, ya yi dariya, ya ce ƙofar ce ta ji ciwo. Bayan kamar wata biyu ya fara jan ƙafar hagu, yana kirana da sunan gwaggona da ta rasu. Muka ce tsufa ne. Sai da ya ɗinka wa wani alhaji aljihu a bayan riga muka kawo shi. Hoton kai ya nuna jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Likitocinku suka huda, suka fitar, suka sa siririn tiyo. Hannunsu na da albarka, wannan ban musa ba. Kukana uku ne.

Na ɗaya. Mai gadinku mutum ɗaya yake bari ya shiga da marar lafiya, kuma da girman riga yake zaɓe. Yayana Mamman ya sauka daga Maraɗi da safiyar ranar aikin, shaddarsa na ƙyalli, rabonsa da kwana gidanmu tun auren autarmu. Shi aka shigar. Inna, wadda ta san yawan tarin da Baba ke yi kafin asuba, aka nuna mata inuwar itacen bedi a waje.

Na biyu. Aka tambayi Yaya ko Baba na shan maganin da ke tsinka jini. Ya ce sam, da murya irin ta wanda ya sani. Alhali shekara da shekaru Inna ke ba shi asfirin kowace safiya tare da koko. Allah ya sa na ji ta tana damuwa cewa yau bai sha ba, na tare majo, shugabar ma'aikatan jinya, a hanyar famfo na faɗa mata. Yadda ta saki bokiti ta ruga ya isa ya gaya mini abin da muka tsallake.

Na uku, shi ya fi ci mini rai. Bayan aiki likita ya ce Baba ya kwanta shame-shame kwana biyu, kada ya ɗaga kai, kada a taɓa tiyon. Da Faransanci ya faɗa, kuma ga Yaya. Yaya ya gyaɗa kai kamar da shi aka yi karatun likita, ya fita amsa waya, daga can sai tasha. Mu dai ya ce mana an gode Allah.

Ranka ya daɗe, kun san mutanenmu da dubiya. Lokacin ziyara na yi, telolin Wadata suka cika ɗakin, limaminsu a gaba. Baba bai taɓa gaida liman a kwance ba, bai kuma taɓa yarda a gan shi kai ba hula ba. Ya yunƙura ya zauna, ya ce in miƙo hula. Ni da hannuna na miƙa masa. Ya danna ta a kan tiyon, har da karkata ta gefe irin ta ranar Juma'a. Kowa ya ce Malam ya warke.

Sati biyu bayan sallama, ƙafar ta koma ja. Aka sake hudawa. Likita ya ce jinin kan dawo wa tsofaffi ko ba hula, na kuma yarda. Amma har yau in na ga hular nan a rataye sai in kau da kai.

Roƙona kaɗan ne. Ku daina tambayar wane ne babban ɗa, ku tambayi wa ke ba shi magani. Ku yi bayani da Hausa ko Zabarmanci, ku sa mai jinya ya maimaita da bakinsa. Ku kuma gaya wa tsoho a gaban baƙinsa cewa likita ya yafe masa gaisuwar zaune, don daga bakinmu ba zai karɓa ba.

Baba na gida, ya koma kan keken ɗinkinsa. Sai dai hannun hagun ba ya iya riƙe zare ya sa a allura. Inna ke zama gefensa tana zura masa, safe da yamma. Ita ce dai matar da mai gadinku ya ce ta jira a waje.

Allah ya ƙara muku basira, ya ba ku tsawon rai. Ranar da tsufa ya kwantar da ku, Allah ya sa a bar wadda ta san ku ta shiga.

Wassalam.

Ramatu Sule, Wadata, Yamai.