Jakar da Aka Bari a Shagon Ɗinki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na dame ka da wannan takarda, alhali na san hawan jininka ba ya son tashin hankali. Ina fata kana lafiya, kai da uwar yara. Ya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yau kwanan maigidana tara a tsare. Ka san ƙarƙashin teburin yankansa, inda mutane ke barin ajiya, shi kuma bai taɓa buɗe kayan kowa ba. Wata baƙar jaka ta yi mako uku a wurin. Ranar da na kai masa abincin rana na tsaya share shagon, sai na ga ɓera ya huda gefenta, katin ƙwayoyi na zubowa. Ni ce na ce ya kai wa 'yan sanda, kada mu kwana da haram. Ya sa rigarsa ta kirki, ya ɗauka da rana tsaka ya tafi. Sai suka rubuta wai an same shi da miyagun ƙwayoyi. An same shi, Yaya, mutumin da ya je da ƙafarsa.

Na sha yawon neman lauya. Na farko, bayan na gama zuba bayani har da hawaye, ya ce shi harkar filaye da gidajen haya yake yi. Na biyu bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba, ya ce maigida ya amsa laifi kawai a sassauta masa. Ya amsa me? Mutumin da ko ƙyalle ne ya rage a ɗinki sai ya naɗe ya mayar wa mai shi. Na yi masa sallama na fito, don ban iya faɗa ba.

Ta uku mace ce, ofishinta na saman wani kantin magani. Ta saurare ni har ƙarshe, ta je ta ga maigida. Ta ce shari'ar tana da mafita, abu ɗaya ne ya toshe ta: ya ƙi faɗin mai jakar. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce wani ne.

To ni na san wanin nan. Ina shagon ranar da babban ɗanka ya shigo da ita. Ya durƙusa ya ce mini Goggo, ya ce tufafi ne, jibi zai dawo. Maigida ya ce ba zai iya kallon idonka ba in sunan ya fito daga bakinsa, gara ya zauna a can. Shi yana jin kunyar surukai, ɗan naka da na goya a bayana kuwa ya kashe wayarsa. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai.

Ranar Alhamis za a shiga kotu. Lauyar za ta kira ni shaida, kuma da Alƙur'ani zan rantse. Gaban malami ɗaya muka riƙe allo ni da kai, ka san ba zan ɗora hannu a kansa in ce ban sani ba. Za a tambaye ni, zan kuma faɗa.

Ban so ka ji a bakin wasu ba. Lauyar ta ce in yaron ya zo da kansa kafin ranar, za ta haɗa shi da lauya nasa, kuma hakan zai fi masa. Ka nemo shi, ka kamo hannunsa ka kawo shi. Ka gaida mutanen gida. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka.