Littafin Baba na Ganyen Giginya

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na kwance ƙyallen littafin Baba don in shanya shi bayan damina, sai gari ya zubo mini a cinya. Ƙwari sun shige shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan da na ɗauko shi daga Matara, garinmu a tsibirin Sri Lanka, a ƙasan akwatin aurena: ganyen giginya arba'in da biyu, duk magungunan da Baba ya sani, da rubutun hannunsa. Ban da ni, littafin kaɗai ke jin Sinhala, harshenmu, a ƙauyen nan.

Yaya Sukanti, yayar marigayi mijina, ta leƙo ta ce to, ya tsufa ke nan. A nan Odisha ta Indiya in littafi ya tsufa, marubuci ake kai wa ya sake shi a sabon ganye, tsohon kuma a ba kogi da asubar ranar da farin wata ya cika a watansu na Kartik. Na ce sai dai kogin ya kwana da yunwa.

Ta ce, "Amaryarmu, ko gawa ai ba don an ƙi ta ake fitar da ita ba."

Amarya, da furfurata.

Talata, 8 ga Oktoba

Ƙanena Gunapala ya bugo daga Matara. A wajenmu ba a ba ruwa littafi, mai ake shafa masa a ajiye a haikali. Ya ce, "Yaya, kawo shi gida, ki haɗo da kanki. Wa ya rage miki a can?" Na ce layin ba kyau.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na kai wa Baba Dukhi, tsohon marubucin bakin kasuwa. A sake shi kawai, ban ce komai a kan kogi ba.

Ya juya ganyen ya daɗe yana kallo. Ya ce ba ya karanta namu, amma zai iya bin surar baƙaƙen, sai dai shi ba ya sassaƙa abin da kunnensa bai ji ba. Dole in zauna in riƙa karanta masa layi-layi da ƙarfi. Wai hannunsa makaho ne, kunne ke masa jagora.

Yana da tsaga a farcen babban yatsansa na hagu inda yake kwantar da alƙalamin ƙarfe. Babana ma yana da ita. Na kau da kai na kalli titi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Baƙaƙenmu kamar dodon koɗi suke, a naɗe. Nasu na Odia, harshen nan, kowane da laimarsa a ka. Na faɗa masa, ya yi dariya, ya ce duk biyun zagaye suke saboda miƙaƙƙen layi tsaga ganye yake. "Ganye ne malaminmu, mu da ku."

Da na karanta "bat", wato shinkafa, sai ya ɗago. Su "bhata" suke ce wa dafaffiyar shinkafa. Hannu, mu "ata", su "hata". Madara, mu "kiri", su "khira". Na san wannan tun zuwana, ban dai taɓa jera su gefe da gefe ba. Ya ce, "'Yar tsibiri, kakanninku daga nan suka tashi da kalmomi lafiyayyu, kifi ya cinye musu kai da wutsiya a hanya." Na ce mu wanke su muka yi, su suka bar su da laka.

Ruwa ne kawai bai haɗu ba. Mu "watura", su "pani". Na yini ina tunanin wannan.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na yi mafarkin Baba da mijina Bidyadhar a kan tabarma ɗaya, kowa na magana da harshensa, suna ta gyaɗa wa juna kai. A raye ba su taɓa yin hira ba. Na farka ina jin kewarsu su biyun, na kasa rarrabe wacce ta fi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ganye na ashirin da tara, maganin tari. Ƙwari sun cinye sunan wani tsiro. Na san shi, ga shi ma a bayan ɗakin girkinmu, amma duk yadda na lalubo, sunansa na Odia ke fito mini. Na yi kuka a gaban tsohon, kunya kamar in nutse.

Ya ce zai bar wurin fili. Marubuci ba ya sa wa mamaci magana a baki.

Na bugo wa Gunapala. Bai sani ba, ya ce su yanzu kantin magani suke zuwa. Na tambaye shi wa ke karanta littattafan haikali. Ya ce suna cikin kabad na gilashi, a kulle, da tsabta ƙwarai.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ban je ba yau. Kwance kawai, ina jin kukan hankaki.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

An gama. Ya goga wa sababbin ganyen baƙin fitila, rubutu ya taso kamar tururuwa bayan ruwa. Yana goga yana rera baitocin Baba na maganin ciwon ido, a karkace, da wannan "o" ɗin nasu da suke liƙa wa kowace kalma. Bai san ma'anar rabinsu ba, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Wata mata mai sayar da kwakwa ta tsaya tana saurare, ta tambayi wace addu'a ce.

Na ɗauko littafi biyu zuwa gida. Sabon ya fi nauyi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yaya Sukanti na tsakar gida tana yanka ɓawon itacen ayaba, tana haɗa ƙananan jiragen da za a saki a kogi gobe. Ta yi ɗaya babba fiye da sauran.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Jiya da asuba duk ƙauye na bakin kogin Mahanadi, fitilu na yawo a kan ruwa har inda ido ya tsaya. Rakiya kawai na je. Ban san yadda aka yi ƙyallen ya biyo ni a ƙugu ba.

Wata tsohuwa kusa da ni tana gaya wa jikarta cewa da, fatake daga nan suke tashi a irin wannan rana, iska ta kai su har Lanka, ƙasarmu. Na shiga ruwan zuwa gwiwa. Yaya Sukanti ta riƙe mini babban jirgin har na daidaita tsohon littafin a cikinsa, sannan ta koma baya.

Ya tafi a hankali, bai karkace ba.

Gunapala ya bugo ɗazu. Na ce masa littafi na kan hanya. Ya yi murna, ya ce, "Ke fa, Yaya, yaushe?"

Na ce Baba Dukhi na so in koya masa ma'anar baitocin, ganye ɗaya a mako, kuma tsohon ba ya da saurin ɗauka.