Tururuwar da Ta Ƙi Sake Hanya

Laraba da dare, Samaru

Yau ma Dakta, malamin da ke duba bincikena a jami'a, ya dawo mini da aikina. Wata da watanni ina fama da kwamfuta, ina koya wa wayoyi su riƙa miƙa wa juna saƙo a inda babu ƙarfen sabis, kamar yadda tururuwa ke bin ƙanshin da 'yan uwanta suka bari har ta kai ga abinci. Ya duba ya ce, "Rifkatu, wayar nan ta bar wurin tun ɗazu, amma tururuwarki can take ta zuwa. Kin hana ƙanshin gushewa. In tsohuwar hanya ba ta dushe ba, yaushe za ta nemi sabuwa?"

Na ce zan gyara. Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa.

Da yamma na shiga bas zuwa Sabon Gari koyon waƙa a coci. Muna isa PZ sai na ji bakina ya ce a sauke ni, alhali cocinmu na gaba. Ƙafata ta kai ni shagon da Baba yake gyaran rediyo kafin ya rasu, inda yakan ajiye mini gyaɗa a aljihun tebur. Yanzu wata mata ce a ciki tana sayar da caja. Ta ce, "Me za a ba ki?" Sai na sayi ɗaya, alhali ga wata a jakata.

Gobe zan gyara hanyar da ke cikin kwamfutar, tururuwar ta manta ta huta. Tawa hanyar kam, a bar mini ita tukuna.