Sarƙar Jegon Gidan Mma

Aboabo, Kumasi
14 ga Disamba, 1969

Zuwa ga maigidana, Ticha Wahabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka isa Yamai lafiya kuma gajiyar hanya ta sake ka. Yaya ƙaninka Seini da iyalinsa? Yaya tarin nan da ƙurar alli ta bar maka? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Mamuna duk lorin da ta ji ya tsaya sai ta ruga bakin ƙofa, ta dawo tana harara ta kamar ni na ɓoye mata uba.

Mun yi ƙaramar salla ba daɗi. Tun da gwamnati ta ba da odar nan cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, Aboabo ta yi shiru. A gidanmu ɗaki huɗu ne a kulle. 'Yan sanda sun zo mana mu ma, uwata Mma ta fito da sandarta ta ce musu a Kumasi aka haifi uwarta, a nan aka binne ta, in suna so ta raka su maƙabarta su tambaya. Suka yi dariya suka tafi. Ni dai har yanzu abin yana ci mini rai. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan Tonawa, 'yan ƙasar nan, Latin da Girkanci, harsunan da ko barkono ba za a sayar maka da su a kasuwar Kejetia ba, rana ɗaya a ce masa baƙo ne don an haife shi a garin Tawa, can ƙetaren iyaka. Makaranta ta aiko da littattafanka cikin kwali. Na ɗora su kan kabad saboda ɓera, kada ka damu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Cikin ƙanwata Barkisu ya tsufa, ungozoma ta ce bayan babbar salla za ta sauka. Ka san abin da wannan yake nufi. Sarƙar jegon nan ta tsabar azurfa ba tawa ba ce, ta matan gidanmu ce gaba ɗaya. Kakar Mma ce ta zo da ita daga Agadas, ta bi ta Kano da Salaga har nan. Duk wadda ta haihu, babbar mace a gida ce take ɗaura mata bayan wankan farko, ta yi arba'in da ita a wuya, sannan ta adana har wata ta haihu. Ajiya ce kawai ta zauna a hannuna tun haihuwar Mamuna.

Ban manta ranar da ka fara duba ta da gilashinka mai ƙara girma ba. Ka ce kuɗin Rumawa ne tun kafin zuwan Annabi, ka nuna mini sarki mai gemu da sarki mai ƙaton hanci, ka karanta mini rubutun gefe, ka ce guda ɗaya ma da Girkanci aka buga ta. Wallahi ban fahimci komai ba, amma na so yadda fuskarka ta yi haske, shi ya sa da damina da ka roƙe ni aro don ka nuna wa Farfesa, Baturen malaminka da ke Ankara, babban birnin ƙasar nan, na ba ka ba tare da na gaya wa Mma ba. A tashar lori, kana azumi kana hawaye, ka leƙo ta taga ka ce tana cikin akwatin ƙarfen Farfesa, 'yar takarda kawai za ka rubuta masa ya ba ni.

To, Ticha, rubuto takardar. Mma ta riga ta ce in fara goge sarƙar da toka. Na ce mata to.

Kowa yana gaishe ka. Ka rufe ƙirjinka da safe. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Habsa


Aboabo, Kumasi
25 ga Janairu, 1970

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya a duk inda kake, don ni yanzu ban san ina ne ba. Wannan ma ta hannun Seini zan aika, shi ya san inda zai kai ta. Mamuna ta yi zazzaɓi ta warke. Idon Mma yana ƙara rufewa, yanar ta kama na hagun ma.

Na jira amsarka har na gaji da zuwa gidan waya. Da na ga ƙafafun Barkisu sun fara kumbura sai na ce wa Mma zan je Ankara sarin atamfa, na ɗauki Brimah ɗan kawuna, tunda shi direba ne kuma yana jin Turanci, muka tafi jami'a neman Farfesanka.

Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Da Brimah ya ce masa ni matarka ce, ya miƙe tsaye, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi. Ofishinsa cike da kabad masu ƙananan aljihuna, kowane aljihu da kuɗin matattu a jere. Ya jawo guda ɗaya da murna ya ajiye a gabana. Ina dubawa na ga sarki mai gemu, na ga mai ƙaton hanci. Amma farare ne fat, ba nauyi. Ashe ku masu wannan karatu in tsaba ta shigo hannunku sai ku danna ta cikin kaki, ku zuba farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, ku fitar da kamanninta ku ajiye. Na tambaya ta bakin Brimah ina na azurfar.

Ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai tun watan Oktoba aka aika da su gidan ajiyar kayan tarihi a Ingila, kyauta da sunanka. Ya ce malaman can sun yi ta murna, musamman saboda hujin da ke jikinsu, don shi ne shaidar sun ƙetare Sahara a wuyan mata. Saboda wannan ne suka ba ka gurbin karatu, kuma a saninsa jirginka ya riga ya tashi daga Yamai. Sannan ya kama yi mini godiya. Ya ce ka gaya masa dukan dangina sun taru sun amince, ya ce irinmu ba su da yawa. Brimah yana fassarawa yana kallon ƙasa. Ni kuwa ina riƙe da kofin shayi ina cewa ba komai, ba komai, don ban iya tona asirin mijina a gaban Bature ba.

Oktoba, Ticha! A lokacin ko zancen oda babu. Kana cin tuwona, kana wasa da Mamuna a tsakar gida, sarƙar tana cikin jirgi. Kenan ranar nan a tasha da kake hawaye ka riga ka san ba Yamai za ka zauna ba. Ni ina ta zagin gwamnati a kanka, har na yi faɗa da mai sayar da tuwon dokunu don ta ce gara da aka kore ku, ashe odar mota kawai ta ba ka. Da ka ce mini kana son karatun nan fiye da komai, da na yi kuka, da na yi masifa, ka san bakina. Amma da na sayar da tukwanena da atamfofina na taya ka. Abin da ba nawa ba shi ka zaɓa, kuma ka bi ta hannuna ka ɗauka.

Da za mu fito Farfesa ya zuba mini fararen nan cikin gwangwanin taba da auduga, wai in riƙe abin tunawa. Na karɓa na gode. Sai da muka wuce garin Nsawam a hanyar dawowa na iya yin kuka.

Ban gaya wa kowa ba, Brimah ma na sa ya rantse. Kai da ka iya harshensu har da na kakannin kakanninsu, ka je ka ce musu kuskure aka yi, kayan na da masu shi. Ka roƙe su ko aron kwana arba'in ne. Har yanzu akwai sauran lokaci in ka tashi tsaye. Ina roƙonka don Allah, don darajar 'yarka.

Allah ya sa ka ji.

Matarka,
Habsa


Aboabo, Kumasi
22 ga Maris, 1970

Malam Wahabu,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka mai tambarin Ingila ta iso. Na ji kana lafiya, sai sanyi, kuma sun ba ka ɗaki kusa da ɗakin karatu. Madalla. Mamuna lafiya. Barkisu ta sauka lafiya, mace, an sa mata Humu.

Na karanta shafukanka uku. Ka ce abin da ya shiga gidan ajiya ba ya fita. Ka ce ilmi na duniya ne gaba ɗaya, kuma a can sarƙar za ta daɗe fiye da mu duka, ba wanda zai goge fuskokin sarakunan da toka. Ka ce wata rana zan yi alfahari da kai. A duk shafukan nan na nemi kalmar haƙuri ban samu ba. Abin da na samu a ƙarshe shi ne shawara: in kai fararen nan wurin Zuberu maƙeri a unguwar Sofoline ya zubo irinsu da azurfa, ya baƙanta su da hayaƙi, tunda Mma ba ta gani, sauran matan kuma ba su san bambanci ba.

Na yaga wasiƙar, na tofa mata yawu. Washegari Barkisu ta fara ciwon baya, Mma ta aiko a tambaye ni ko na gama gogewa, sai tsoro ya kama ni. Na tsince yagaggun takardun daga kwandon shara na sake karantawa. Na cire awarwarona na aure na kai wa Zuberu ya narka. Ka ji, na bi maganarka kamar yadda na saba. Zuberu gwani ne, ya yi aikin ba tambaya. Da na gan su a igiya ni kaina sai da na ji sanyi a raina.

Ranar da aka yi wa Barkisu wankan farko ɗaki ya cika da mata, har waɗanda mazansu suka tafi sun zo. Aka zaunar da Mma a kan tabarma, na durƙusa na sa mata sarƙar a hannu. Kai ba ka taɓa ganin yadda ake yi ba, maza ba sa shiga. Babbar mace tana bin tsabar ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana kiran sunayen waɗanda suka sa ta suka riga mu gidan gaskiya, tana nema musu gafara. Mma ta kama ta farko ta kira kakarta. Ta kama ta biyu sai ta tsaya. Na ga babban yatsanta yana zagaya hujin. Na sarƙar ainihi, igiya ta cinye su shekara da shekaru har sun yi tsawo sun yi santsi, na Zuberu kuwa zagaye suke da kaifi. Farin garin nan naku bai ɗauko wannan ba, ni kuma ban lura ba. Ta juyo da fuskarta wajena, idon da ba ya gani, ta daɗe a haka har mata suka fara gyaran murya.

Sannan ta ci gaba. Ta kira sunayen duka har ƙarshe, muryarta ba ta yi rawa ba, ta ɗaura wa Barkisu, aka yi guɗa. Ta rufa mini asiri a gaban kowa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan suna ta tara mu, ni da Barkisu da matan kawunnaina. Ta ce in Barkisu ta gama arba'in ta riƙe sarƙar ta zama tata, ko ta sayar, ko ta ba yara su yi wasa. Daga kanta an daina. Mata suka yi ta salati suna tambayar dalili, ta ce zamani ya canza, mutane sun watse, ita kuma ta gaji. Suna ganin tsufa ne. Ni kaɗai na san ba ta so ta ɗaura wa jikokinta ƙarya tana kiran sunan uwarta a kai. Mamuna ba za ta taɓa sa ta ba, Humu ma haka.

Har yau ba ta tambaye ni ina ta ainihin take ba. Na je na durƙusa zan faɗa mata komai, ta ce in tashi, gwiwa za ta yi mini ciwo. Da ta zage ni ko ta ɗaga sandar nan ta buga mini, da na samu sauƙi. Ka san Mma tana gane tafiyar kowa tun daga zaure, ni kuwa tun ina bakin famfo take kiran sunana. Yanzu kullum da safe in na kai mata koko na yi sallama, sai ta ce wace ce. In ce Habsa ce, Mma. Ta ce a ajiye a nan, an gode.

Wannan ne abin da karatunka ya ci, ina so ka sani tunda kana son sanin asalin kowane abu. Ba na neman sarƙa kuma, ba wuyan da zai sa ta. Littattafanka na ba Brimah ya kai wa Farfesa, ba abin da ya taɓa su. Abu ɗaya ya rage tsakaninmu. Ka rubuto mini takardata ta saki, ka aiko ta hannun liman, kada ka haɗa da bayani. Mamuna 'yarka ce, duk ranar da ka zo za ka gan ta, ba zan ɓata ka a wurinta ba. Ni aikin da ke gabana shi ne in yi ta kai kokon nan har Allah ya sa uwata ta sake gane ni, in tana da sauran kwana.

Allah ya ba ka abin da ka je nema.

Wassalam,
Habsa