Cajar Tana Kan Gadonki

Yaya Kalolaine,

Na bi jirgin ruwan safe zuwa babban birni, Nuku'alofa, kwamfutarki tana hannuna. Ki yi haƙuri, ni na lalata ta.

Jiya da kika tafi coci koyon waƙa, na kunna ta don in ji muryar Baba. Sai ta ce a sabunta abin da ke tayar da ita, amma a haɗa ta da wuta tukuna. Na tsaya a bakin ƙofarki ina kallon cajar a kan gado. Kin san namiji ba ya taka ɗakin 'yar'uwarsa. Sai na danna haka nan, batir ya ƙare ana tsakar aiki. Na aro cajar maƙwabta, fankar cikinta na juyawa, fuskar kuwa baƙi ƙirin.

Sitani mai gyara ya ce min a waya, "Kai Fotu, kwamfuta ta san al'ada ne? Kawo ta kafin sha biyu, gobe Lahadi ba ma buɗewa." Zai gwada tayar da ita da filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Bai yi alkawari ba.

Kada ki faɗa wa Mama tukuna. Jibi Baba ke cika shekara da rasuwa, kuma waƙar da ya rera mana a asibiti babu ita a ko'ina sai a ciki.

Fotu